Gobara ta mutu, ƙauri ya ƙi fita

Saƙon wata baiwar Allah daga Bolari, Gombe:

Assalamu alaikum Adda. Ni mai ɗinki ce. Gidan haya muke zaune, shagona shi ne ɗakin da ke jikin zaure, bango ɗaya ya raba shi da inda yarana ke kwana. Daren Talatar da ta wuce gobara ta tashi a shagon wajen ƙarfe biyu. Maƙwabta suka fito da bokitai da yashi, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso an ci ƙarfinta. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Teburin guga da silin roba da labule da rabin kayan da ke rataye sun ƙone. Sauran hayaƙi ya turnuƙe su, ruwa ya jiƙa su: kekuna uku, atamfofi da shaddodin mutane, har da ankon mata 14 na bikin da ya rage saura sati uku. Yau kwana biyar ɗana ɗan shekara huɗu bai daina tari ba, ina ba shi madara da zuma. Maigidana ya ce mu sayi fenti mu shafe bango kafin mai gidan ya dawo daga tafiya, in wanke kayan da suka tsira, in goge, in turara, in ba masu su, waɗanda suka ƙone kuma kowa ya san tsautsayi ne. Abin da ban gaya wa kowa ba, Adda, ni na bar dutsen guga a jone. An ɗauke wuta da magariba ina cikin guga, na rufe shago na manta. Yanzu yarinyar da ke koyon aiki a wurina ake zargi, don ita ta saba yin guga, ni kuma na yi shiru. Na kasa barci. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu. Allah ya tsayar haka nan, ya mayar miki da abin da ya fi wanda wuta ta ci. Sau uku na karanta saƙonki, kuma duk karatun wuri ɗaya nake tsayawa, wajen bangon nan guda da ya raba shago da makwancin yara. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wuta ke gudu cikin silin a lokacin hunturu ya san ba ƙaramar tsira kuka yi ba.

Da yaron zan fara, ko da yake na riga na tura miki wannan ɓangaren ranar da saƙonki ya iso, don ba abin jira ba ne. Ki kai shi asibiti. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Zuma tana lallashin maƙogwaro, ba laifi a ba yaron da ya wuce shekara ɗaya, amma ba ta kaiwa inda ciwon yake. Hayaƙin roba da soso da yadin leda ba irin na itacen murhu ba ne. Yana tafe da guba da wani ɓurɓushi da ido ba ya gani, su ke kumbura hanyoyin numfashi, na yaro kuwa sirara ne, kumburi kaɗan ke matse su. Sau da yawa ma abin ba ya nuna kansa a daren gobara sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, duk a cikin gari suke. Ki gaya wa likita ƙarara cewa hayaƙin gobara ya shaƙa, ki faɗi abin da ya ƙone. In kin ji numfashinsa na fita da ƙara kamar fito, ko kin ga ƙirjinsa na lotsawa, ko murya ta dishe, ko majina na fita baƙa, ko zazzaɓi ya shigo, kada ki jira gari ya waye. Kuma ina yake kwana yanzu? Idan a ɗakin nan ne, a kan katifar da ta sha hayaƙi, to kowane dare sabuwar shaƙa yake yi. Ki tura yaran gidan Goggonsu ko wata 'yar'uwa har a gama shara da wanki.

Sai yarinyar nan. Ke ma kin san ita ta hana ki barci, ba kekuna ba.

Mantuwa ba zunubi ba ce. An ɗauke wuta, duhu ya shigo, ga kiran salla, ga yara na jiran tuwo, wa ya isa ya rantse bai taɓa barin abu a jone ba? Amma shirun da kike yi tun daga ranar Laraba ba mantuwa ba ne, da saninki kike yin sa, kuma wata ce ke biyan kuɗinsa. Kin san yadda unguwa take. Yau ana cewa wai ita ce, nan da wata guda an daina cewa wai. Babu shagon da zai karɓe ta, kuma ranar da aka zo binciken aurenta wani zai tuna ya ce ai ita ce ta ƙona shagon uwar ɗakinta. Iyayenta amana suka ba ki. Ki fara da maigidanki a daren yau, bayan an yi isha gida ya yi shiru. Shawarar da ya ba ki ya ba ki ne bai san wannan ba, kuma bai kamata ya ji a bakin wani ba. Gobe ku tafi gidan su yarinyar tare, ki faɗa a gaban iyayenta: ni na bar dutsen guga, ba ruwanta, na ji tsoro ne na yi shiru, ku yafe mini. Daga nan duk wanda kika san ya taɓa ambatar sunanta a wannan magana, ki gyara masa da bakinki. Za ki ji kunya, ban ɓoye miki ba. Kunyar sati guda ce.

Maganar fenti kuma, ban ɗauki maigidanki mai mugun nufi ba. Tsoro ne, tsoron a ce ku tashi ko a ɗora muku abin da ba za ku iya ba. Sai dai ko an ajiye batun gaskiya gefe, dabarar ba ta ci. Ina yarinya ɗakin girkinmu a Jekadafari ya taɓa kamawa. Cikin sati aka shafe shi da farin fenti, kowa na cewa kamar ba a yi ba. Damina na faɗuwa bangon ya fara fitar da wasu tabbai ruwan ɗorawa, ƙaurin kuma ya dawo, duk ranar da aka yi ruwa sai ka rantse jiya aka yi gobarar. Sau biyu aka ƙara shafawa kafin aka haƙura aka kankare. Dalili shi ne baƙin hayaƙi yana da maiƙo, filasta kuma tana shan sa kamar yadda soso ke shan ruwa. Fentin ruwa ba ya riƙe maiƙo, ta cikinsa yake ratsowa ya fito. Mai gidan zai gani ko ba jima ko ba daɗe, kuma ranar ba gobara kaɗai zai tuhume ku da ita ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne abin da fenti zai rufe wanda ba baƙi ba. Wayoyin lantarki da ke cikin bango da saman silin bawonsu roba ne. Zafi na iya narkar da shi ko ya busar da shi ya tsattsage a inda ba ki gani, har a ɗakin da wuta ba ta shiga ba, tunda rufinku ɗaya. Gobara ta biyu daga nan take tashi. Kada a mayar da wuta shagon da ɗakin yara sai mai gyaran wuta na ƙwarai ya buɗe ya auna, ya zare duk wayar da ta bi ta wurin ya sa sabuwa, da soket da makunni. Ba ɗaurin salatif ba. A hau a duba katakon rufi, wanda ya yi gawayi a cire. Kwanon da ya sha wuta ya rasa abin da ke kare shi daga tsatsa, damina ɗaya ko biyu zai fara yoyo. A ƙwanƙwasa filasta, inda ta yi ƙara kamar ganga ta saki bango, a fasa a sake. Idan linta ta tsage, ko kankare ya sauya launi ya yi jaja-jaja, alama ce zafi ya kai wajen digiri 300 a wurin, kuma daga nan kankare ke fara rasa ƙarfi. Wannan sai magini ko injiniya ya gani. Duk waɗannan gyaran gini ne, ginin kuma ba naku ba ne. Ta yaya za ku taɓa su mai shi bai sani ba? Ku kira shi a waya, kada ku jira ya dawo ya ji a bakin mai shayi.

Kafin a share komai, ki ɗauki hoto da bidiyo na kowace kusurwa, da kowane yadi, da dutsen gugar da inda aka jona shi. Kada a zubar da dutsen da wayarsa. Ki je ofishin hukumar kashe gobara ta jiha ki nemi rahoton fitowar da suka yi, a rubuce. Na san za ki ce ai kamar tona wa kai asiri ne. Ki duba ta ɗaya gefen: dutsen guga na jan wuta wat 1000 zuwa 2000, kuma yana da abin da ke yanke wuta idan ya yi zafi. Ko an bar shi kife a kan yadi ne, ko abin yankewar ya lalace, ko soket da tsohuwar wayar gidan ne suka kasa ɗauka, mai gyaran wuta na iya ganewa daga abin da ya rage. Sakacinki yana nan, amma idan wayar gidan na da nata kaso, adalci ne a sani. Hotunan kuma su za su raba ki da wadda za ta zo ta ce leshinta na dubu ɗari ne alhali kin san ba haka ba.

Yanzu abin da ba ya jira: kekunanki. Robar da ake yin silin da bawon waya da ita tana da sinadarin kulorin. Idan ta ƙone tana fitar da wata iska mai yaji, wadda in ta haɗu da laima take zama asid, dangin ruwan batir. Wannan baƙin da ya kwanta a kan kekunan yana ɗauke da shi, ga kuma ruwan da aka watsa. Shi ya sa ƙarfe ke tsatsa cikin 'yan kwanaki bayan gobara, ko wuta ba ta taɓa shi ba. Kwana biyar sun riga sun yi yawa. Ki fitar da su waje cikin inuwa, ki goge baƙin da busasshen tsumma, a buɗe murafe, a wanke ƙoshiya da haƙoran jan yadi da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe da kalanzir da ƙaramin buroshi, a bari su bushe, a cika su da man keke. Almakasai ma haka. Keken ƙafa irin su Butterfly yana da jimiri, galibi yana tashi. Mai injin lantarki kuwa kada ki jona shi don ki gwada, gwajin ne ke ƙona shi. Ki kai wa mai gyara ya buɗe ya busar. Idan an fesa hodar kashe gobara a daren, ita ma tana cin ƙarfe, a goge ta tas.

Sharar bango, bayan mai gida ya gani ya yarda, tana da tsari, kuma kuskuren da kowa ke yi shi ne fara ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa na tura baƙin cikin filasta ne ya dama shi. A buɗe ƙofa da tagogi. Mai aikin ya sa takunkumi mai kauri irin N95 da safar hannu, kada yaro ko mai ciki ko mai asma su kusanci wurin. A fara kwashe tarkace, a ɗan yayyafa wa tokar ƙasa ruwa don kada ta tashi. A sauke ragowar silin gaba ɗaya, domin samansa nan ne hayaƙi ya fi taruwa, kuma ta nan ya bi zuwa ɗakin yara. Idan wani ɓangaren gidan tsohon silin asbestos ne kuma ya farfashe, a jiƙa shi kafin a taɓa, kada a share shi a bushe, ƙurarsa mugun abu ce ga huhu. Sai a kakkaɓe kunkunniyar bango a bushe da buroshi mai laushi, a hankali, ba da dirza ba. Bayan haka a wanke da ruwan ɗumi da omo, kaɗan-kaɗan, daga ƙasa zuwa sama don kada baƙin ruwa ya zubo ya yi zane a busasshen wuri, ana ɗaurayewa nan take, ana sauya ruwa da zarar ya yi baƙi. Kada a haɗa bilic da ruwan khal ko da ruwan wanke masai, haɗin na fitar da iska mai shaƙe mutum. A bar bango ya bushe sarai, hunturu zai taimake ku a nan. Sannan a shafa fentin ƙasa mai mai, wanda ke toshe tabo, a bari ya bushe, kafin fentin ado ya hau. Kin ga fenti na nan a cikin lissafi, amma shi ne na ƙarshe.

To, kayan mutane. Idan har yanzu suna jibge a jiƙe, ki tashi ki baza su kafin ki ƙarasa karanta wannan. Jiƙaƙƙen yadi na fara fumfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, atamfa kuma na zubar wa 'yar'uwarta rini. Ki ware wanda ya ƙone ko ya narke, wannan ya tafi. Ki ware wanda baƙi ya kwanta a kansa, da wanda ƙauri kawai ya kama. Ki kakkaɓe a waje, kada ki murza, murza na cusa baƙin cikin zare. Auduga, wato yawancin atamfa da farin yadi, tana sakin hayaƙi idan aka bi ta a hankali: a jiƙa a ruwan ɗumi da omo da ɗan bekin soda, a ɗauraye, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, a shinshina, a maimaita, wani har sau uku ko huɗu. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ana iya zuba masa farin ruwan khal, amma ba a haɗa shi da sodar a ruwa ɗaya, kashe juna suke yi. Ki gwada a bakin yadi tukuna ki ga ko rini zai zuba. Yadin roba da leshi mai duwatsu sun fi taurin kai, wasu ba za su saki ba ko me aka yi. Kuma kada dutsen guga ya hau yadin da bai gama sakin ƙauri ba, zafi na gasa tabon ne ya zauna har abada. Turaren wuta da humra kuwa kwana biyu suke rufewa. Ranar da matar ta sa kayan ta shiga rana ta yi gumi, ƙaurin zai taso a tsakiyar taro, kuma za ta san daga inda ya fito.

Sai dai kafin ruwan wanki ya taɓa ko ɗaya, ki kira mai shi. Sabuwar shadda da ta shiga ruwa ta rabu da ƙyallinta, masu bugu na iya dawo da wani abu amma ba duka ba, kuma mai shadda ya san shaddarsa. Haƙƙinsa ne ya zaɓa: a wanke ya karɓa da rangwame, ko a biya shi. Kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji laima a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a tuhume shi da ruwan saman ba, an tambaye shi ne don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, aka ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Gobararki kamar ruwan samansa ce. Turarawa a miƙa a yi shiru shi ne algus ɗin.

Waɗanda suka ƙone fa, wa zai biya? A nan zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a ya yi aiki a kansu a bayan idon masu su, kamar tela da marini da mai wanki, lamuni na kansa. Yana cikin Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Malamai sun sauke masa lamunin idan shaidu suka tabbatar kayan sun halaka ba da sakacinsa ba, misali wutar da ta tsallako daga maƙwabta. Naki ba haka yake ba, ke da kanki kin faɗa. Kuskure na ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa a dukiyar mutane. Abin da ke kanki shi ne ƙimar yadin a ranar da aka kawo miki, kuɗin ɗinkin da aka riga aka ba ki kuma ki mayar. Haka ɗan haya: ba ya biyan abin da ya lalace da kansa, amma yana biyan abin da sakacinsa ya jawo. Ki zauna da malamin da kika yarda da iliminsa ki zayyana masa komai dalla-dalla, don kowane kaya da hukuncinsa.

Kada wannan ya karya miki zuciya. Cewa abu na kanki ba ya nufin gobe za ki biya shi duka. Na sha ganin irin wannan zama, kuma abin da na lura shi ne mutanenmu na da saurin yafiya ga wanda ya zo da kansa ya ce na yi kuskure, suna da tsananin riƙo ga wanda suka kama. Wata za ta ce ta yafe. Wata za ta ce ki biya rabi. Wata za ta ce ki riƙa yi mata ɗinki ana cirewa. Wata kuma za ta tsaya kai da fata sai an biya ta cif, kuma haƙƙinta ne, kada ki riƙe ta a zuci. Ki sami littafi, kowace da shafinta: abin da ta kawo, ƙimarsa, abin da kuka daidaita, da lokacin biya, a sa hannu a gaban shaidu. Ayar bashi a Suratul Baƙara rubutawa ta ce a yi. Zaman da za ku yi da mai gida kuma ku sa mai unguwa ko limami a tsakani, kada ku yi shi ku kaɗai rai a ɓace. Sau da yawa a kan tsaya ne a kan ɗan haya ya yi gyara ana cirewa a kuɗin haya, ko a raba.

Ankon ne mafi gaggawa. Sati uku ya isa a sake sayen atamfa idan zanen na nan a Babbar Kasuwa, in babu a aika Kantin Kwari a Kano, in can ma babu su sauya zane tun da sauran lokaci. Ya isa a raba ɗinkin mata 14 tsakanin teloli uku ko huɗu. Amma kowace ranar da kika yi shiru kina cin lokacinsu ne, kuma ranar da ya rage saura kwana biyar babu abin da zai yiwu sai rigima. Ki kira wadda ta haɗa ankon yau. Abokan sana'arki da ƙungiyar teloli ki faɗa musu halin da kike ciki, aron keke da wurin zama na wata guda ba abin kunya ba ne. Idan kina cikin adashe ki roƙi a ba ki ɗaukar wannan karon. Ki kuma kai takarda Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta jiha, SEMA, tare da rahoton 'yan kwana-kwana da hotuna, amma kada ki gina lissafinki a kan abin da zai fito daga can.

Cikin gida kuma, a taƙaice. Katifa da matashin soso da hayaƙi ya ratsa ba sa wankuwa, na yara dai a sauya. Abincin da ke buɗe ko a buhu ko a leda a ɗakunan da hayaƙi ya shiga, da magunguna, da madarar yara, da man shafawa, a zubar, na san da ciwo. Tangaran da gilashi da tukwanen ƙarfe suna wankuwa tas. Robobin cin abinci da muciya da ƙwarya suna shan hayaƙi. Tukunyar gas idan ta ji zafin wutar a fitar da ita fili, kada a kunna sai masu gas sun duba. Takardun da suka jiƙe a rarraba su a inuwa, ba rana ba guga. Kuɗin da wuta ta ɗan taɓa kada ki yar, ki kai banki a duba. Takardar da ta ƙone ƙurmus kuma, rahoton gobara da takardar rantsuwa ta kotu su ake fara nema kafin a sake wata.

Ranar da za ki sake buɗe shago, in Allah ya yarda, ki sa a yi miki makunni guda a bakin ƙofa wanda ke kashe wutar shagon baki ɗaya, ki rataye makullin shago a jikinsa, yadda hannu ba zai kai ga makulli ba sai ya bi ta kansa. Dutsen guga ya sami soket nasa shi kaɗai a bango, ba abin jona wuta mai baki da yawa ba. Ki ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi, ki tuna ba a watsa ruwa a wutar lantarki sai an kashe ta daga tushe. Akwai wata 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a silin, tana ihu da ta ji hayaƙi, ki sa ɗaya a shago ɗaya a ɗakin yara. Ki duba tagar ɗakin nan, idan ƙarfen kariya ne da ba ya buɗuwa, a yi masa ƙofa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ki haɗa da ta ofishin kashe gobara mafi kusa ki rubuta a bango. Mai riƙe da dukiyar mutane irinki kuma ya kamata ta tambayi yadda takaful, wato inshorar Musulunci, yake, akwai kamfanoninsa masu lasisi a ƙasar nan.

Idan iyayen yarinyar sun yarda ta dawo, ki karɓe ta hannu biyu, ki bar mutane su gan ta a shagon tana guga. Ki rubuto mini bayan kun dawo daga asibiti, ina son in ji abin da likita ya ce game da ƙirjin yaron.